FASHIN BAƘI: Tabon da ke cikin dutse mai daraja, da dalilin da ya sa mahaƙi ke sayarwa a makance

A watan Maris na 2017, wasu mahaƙa da ke aiki a ƙarƙashin wani fasto mai suna Emmanuel Momoh suka tono daimon mai nauyin karat 709 a ƙauyen Koryardu da ke gundumar Kono, gabashin ƙasar Saliyo. Maimakon a bi da shi ta bayan fage kamar yadda aka saba, sai faston ya miƙa shi ga gwamnati domin a sayar a bainar jama'a. A gwanjon farko da aka yi a babban birnin ƙasar an taya shi dala miliyan 7.8, gwamnati ta ce albarka. Da aka kai shi birnin New York a watan Disamba, sai ya tashi a kan dala miliyan 6.5.

Shekara guda kafin nan, kamfanin Lucara ya sayar da wani ɗanyen daimon mai karat 813, wanda aka haƙo a ma'adanar Karowe ta Botswana, a kan dala miliyan 63. Tazarar nauyin da ke tsakanin duwatsun biyu ba ta wuce karat ɗari da 'yan kai ba, amma kuɗin ɗaya ya kusa ninka na ɗayan sau goma. Idan aka raba, kowane karat na dutsen Saliyo ya tashi kimanin dala 9,000, na Botswana kuwa fiye da dala 77,000. Launi da abin da ke cikin dutsen su ne suka raba gardama: na Botswana fari ne tas, garau kamar ruwan sama, na Saliyo kuwa launinsa ya ɗan karkata zuwa ruwan ɗorawa, cikinsa kuma yana ɗauke da tabo.

Mai karatu a Tambuwal ko Kebbe yana iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda ba a haƙar daimon a Jihar Sakkwato. Amma Kebbe tana maƙwabtaka da Zamfara ta wajen Gummi, inda hanya ke miƙewa zuwa Bukkuyum da Anka, cibiyoyin haƙar zinare. Tambuwal kuma tana kan babban titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Jega ya nufi Yawuri, wani yankin zinaren. Ci-rani tsohuwar al'ada ce a wannan shiyya, filayen haƙar ma'adinai kuma suna cikin wuraren da matasan Arewa ke nufa idan an gama kaka. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rami riƙe da dutse, dillali na jujjuya shi yana girgiza kai yana cewa “akwai datti a ciki”, ya shiga cikin wannan magana ko bai sani ba.

Mene ne tabon ciki?

Kafin a yi nisa, a gyara wata kalma. Hausawa kan kira daimon da lu'ulu'u, alhali asalin kalmar a Larabci tana nufin ƙwayar nan mai sheƙi da ake samu a cikin kawar teku. Daimon kuwa daga ƙarƙashin ƙasa yake, kuma da sinadarin kabon aka yi shi, wato abin da ke cikin gawayi. Mafi yawansa ya samu ne a zurfin kilomita 150 zuwa 200, inda zafi da matsi suka kai matuƙa, shekaru biliyan 1 zuwa 3 da suka wuce. Daga baya aman wuta ya tunkuɗo shi sama a cikin wani dutse da ake kira kimbalait, wanda ya samo sunansa daga garin Kimberley na Afirka ta Kudu.

A lokacin da ƙwayar daimon ke girma a can ƙasa, takan haɗiye duk abin da ya faɗo mata: ƙwayar wani ma'adini ja, ko kore, ko baƙi, wani lokaci ma ƙaramin daimon a cikin babba. Matsi da girgizar tafiya zuwa sama kuma sukan bar mata tsaga. Waɗannan su ne tabon ciki. Masu sana'ar sun raɗa wa kowane iri suna gwargwadon kamanninsa a ƙarƙashin madubi. Tsagar da ta yi fari-fari ana ce mata gashin tsuntsu. Ƙananan ɗigo da suka taru wuri ɗaya har suka dusashe hasken dutsen su ne gajimare. Akwai allura, wato siririn ma'adini mai tsawo, akwai ɗigo guda ɗaya tilo, akwai kuma kogo, inda wani abu ya fita ya bar rami a fuskar dutsen. Ƙarzuna da sauran lahanin da suka tsaya a waje kawai ana ƙidaya su daban, domin gogewa takan kawar da su.

Abin da ɗan kasuwa ke kira datti, masanin ilimin ƙasa taska yake gani. A 2014, wata tawagar masana a ƙarƙashin Graham Pearson na Jami'ar Alberta ta Kanada ta ba da rahoton wani ɗan mummunan daimon daga yankin Juína na Brazil, wanda ba shi da wata daraja a kasuwar ado. A cikinsa suka sami ƙwayar wani ma'adini da ba ya samuwa sai a zurfin da ya haura kilomita 500, kuma kimanin kashi 1.5 cikin 100 na nauyin ƙwayar ruwa ne. Wannan ɗan tabo ya zama hujjar cewa akwai ruwa ɗaure a cikin duwatsun da ke can tsakiyar ƙasa, inda babu na'urar da ta taɓa isa.

Matakai goma sha ɗaya

A da, kowane ɗan kasuwa da nasa ma'aunin, mai saye kuma sai abin da aka faɗa masa. Cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, GIA, wadda Robert Shipley ya kafa a 1931, ita ce ta kawo tsarin da duniya ke bi a yau. A 1953, a ƙarƙashin jagorancin Richard Liddicoat, ta fito da ma'aunin tantance daimon bisa abubuwa huɗu: nauyi, launi, ingancin yanka, da tsabtar ciki. Nauyi shi ne mafi sauƙi, domin karat ɗaya kashi ɗaya ne cikin biyar na giram, sikeli kuma ba ya ƙarya. Tsabtar ciki ita ce ke buƙatar ido da horo.

Ƙa'idar ita ce a duba dutsen da madubi mai ninka girman abu sau 10. Mai tantancewa yakan wanke dutsen, ya kama shi da hantsaki, ya fara lalube da babban madubin ɗakin bincike domin kada wani abu ya kuɓuce masa, amma hukuncin ƙarshe da ɗan madubin hannu mai ninki 10 ake yanke shi. Abin da bai bayyana a wannan ninki ba, ba a lissafa shi.

Sakamakon yakan fito da haruffan da ake rubutawa a takardar shaida. A ƙololuwa akwai FL, dutsen da ba a ga komai a cikinsa ko a fuskarsa ba, irinsa kuma ƙalilan ne ƙwarai. Sai IF, wanda cikinsa tas yake amma akwai ɗan lahani a waje. Daga nan VVS1 da VVS2, masu tabon da ko ƙwararre sai ya sha wuya kafin ya gano. Sai VS1 da VS2, masu ƙaramin tabo. Sai SI1 da SI2, waɗanda tabonsu ke bayyana nan take a madubi. A ƙasa akwai I1, I2 da I3, inda ido tsirara kan ga tabon, har yakan rage ƙyallin dutsen ko ya raunana shi. Matakai goma sha ɗaya ke nan.

Ba ƙidayar ɗigo kawai ake yi ba. Mai tantancewa yana auna girman tabon, da yawansa, da irinsa, da yadda launinsa ya bambanta da na dutsen, da kuma wurin da ya zauna. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi ba sabon shiga mamaki. Ɗigon da ke ƙarƙashin babbar fuskar sama, inda ido ke fara sauka, ya fi zubar da daraja a kan irinsa da ke gefe, inda maƙeri zai iya rufe shi da ƙarfen zobe. Ɗigo ɗaya da ya zauna kusa da tsinin ƙasa kuwa fuskokin dutsen sukan maimaita shi kamar madubai masu fuskantar juna, sai a ga kamar guda goma ne. Tsagar da ta kai bakin dutsen ta fi kowanne haɗari, domin bugu ɗaya a jikin ƙofa yana iya raba shi biyu.

Gaskiyar magana, yawancin masu saye ba za su iya bambance VS2 da FL da idonsu ba ko da za su wuni suna kallo. Wani ɓangare na wannan ma'auni yarjejeniyar kasuwa ce kawai, wadda ke sayar da ƙaranci fiye da kyau. Sai dai yarjejeniya ce da ke da farashi: tun 1978 Martin Rapaport ke fitar da jadawalin farashin daimon da dillalan duniya ke dogara da shi, kuma kowane mataki da aka sauka a kan wannan tsani yana zaftare kuɗi.

Akwai wani abu da ya kamata duk mahaƙi ya fahimta. Wannan ma'auni na dutsen da aka riga aka yanka aka goge ne. Ɗanyen dutse kuwa, fatarsa takan ɓoye cikinsa, kuma wajen yanka yakan rasa rabin nauyinsa ko fiye. Mai yanka kullum yana cikin lissafi: ya sare gefen da tabon yake, dutsen ya ragu amma ya tsabtata, ko ya bar shi da nauyinsa ya sauka mataki biyu. Manyan masana'antu, irin na birnin Surat a Indiya inda ake goge mafi yawan daimon na duniya, suna da na'urorin da ke zana taswirar kowane tabo kafin a taɓa dutsen. Dillalin da ke saye a daji ba shi da wannan na'ura, don haka yakan ɗora dukkan kasadar a kan mai haƙa: ya taya dutsen kamar mafi munin abin da zai iya kasancewa, idan ya fito da kyau ribar tasa ce.

Duwatsun da Najeriya ke da su

Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ke fitar da daimon. Masana sun daɗe da ambaton dutse mai siffar kimbalait a yankin Kafur na Jihar Katsina, amma kaɗan ne ƙwarai daga cikin irin waɗannan duwatsu a duniya ke ɗauke da daimon da ya isa a kafa ma'adana a kansa. Arzikin ƙasar nan yana cikin duwatsu masu launi: shuɗin yakutu da ake kira safaya a tsaunin Mambilla na Jihar Taraba da kuma kudancin Kaduna, zumurrudu da akwamarin a wajen Gwantu da Nasarawa Eggon, tofaz a tsaunukan Jos, tomalin a Oyo da Kwara da Nasarawa.

A nan dokar tabo ta sha bamban da ta daimon. Launi ne sarki, kuma ana yi wa kowane dutse hukunci gwargwadon ɗabi'ar jinsinsa. Akwamarin da tofaz sukan fito garau, don haka ɗan tabo kaɗan yana karya farashinsu. Safaya takan zo da tabo jefi-jefi, ba a ɗaukar hakan abin mamaki. Zumurrudu kuwa da wuya a same shi babu tsaga, har Faransawa suka raɗa wa cikinsa suna lambu. Mahaƙin da aka raina wa zumurrudu mai kyakkyawan kore saboda “datti” an auna masa kaya da mudun da ba nasa ba.

Wani tabon ma ƙara daraja yake yi. Siraran allurai da suka jeru ta fuska uku a cikin safaya su ne ke haifar da tauraro mai ƙafa shida idan aka goge dutsen ya yi doro. Safayar Kashmir, wadda ta fi kowace tsada, laushin shuɗinta daga wata irin ƙura ce da ke cikinta.

Tabo kuma shaidar asali ne. Masanin nan ɗan Suwizalan, Eduard Gübelin, ya shafe rayuwarsa yana ɗaukar hoton cikin duwatsu, ya nuna cewa kowace ƙasa tana barin alamarta. A cikin zumurrudun tsakiyar Najeriya, alal misali, akan ga ƙananan kogunan da suka kulle ruwa da kumfar iska da ƙwayar gishiri wuri ɗaya, siffar da a da ake ɗauka ta zumurrudun Kolombiya ce kaɗai. Da irin waɗannan alamu, haɗe da gwajin sinadarai, ɗakunan bincike a Bangkok da Lucerne da New York ke rubuta ƙasar da dutse ya fito.

Sanin asalin bai hana sunan Najeriya ɓacewa a kasuwa ba. A ƙarshen shekarun 1980 aka gano wani tomalin mai shuɗi kamar wutar lantarki a jihar Paraíba ta Brazil, wanda jan ƙarfen da ke cikinsa ne ke ba shi launin. Wajen 2001 aka sami irinsa a kudu maso yammacin Najeriya, daga baya kuma a Mozambik. Yau yana cikin duwatsu mafi tsada a duniya, kuma ko daga ina ya fito, da sunan waccan jiha ta Brazil ake sayar da shi.

Abin da ke ƙarƙashin Tambuwal da Kebbe

Mafi yawan Jihar Sakkwato tana zaune ne a kan wani babban kwari da ya miƙe har cikin Nijar da Mali, wanda teku ta taɓa mamaye shi. Ƙasarsa shimfiɗu ce ta yashi da laka da farar ƙasa da suka kwanta a hankali, ɗaya bisa ɗaya. Shi ya sa arzikin jihar da aka tabbatar ya zama dutsen siminti na Kalambaina, da fosfat na wajen Dange da Shuni, da jifsam da yumɓu. Safaya da tomalin da akwamarin kuwa 'ya'yan tsofaffin duwatsu ne masu tauri da na aman wuta, irin waɗanda ke fara bayyana idan aka nausa gabas da kudu, cikin Zamfara da ƙasar Zuru da Neja da Kaduna.

Saboda haka farin dutse mai ƙyalli da manomi ya tsinta a gonarsa a Tambuwal, ko a tsakuwar rafi a Kebbe, mafi rinjaye ƙanƙarar dutse ce da ake kira kwaz, ma'adinin da ya cika yashin duniya. Gwajin da aka fi yi a ƙauye, wato a karce gilashi da shi, ba ya tabbatar da komai. A ma'aunin tauri mai hawa 10, daimon ne a hawa na 10, safaya 9, tofaz 8, kwaz 7, gilashi kuwa bai kai 6 ba, don haka dukkansu suna karce shi. Gwajin guduma ya fi muni: daimon yana da tauri amma yana da jijiyar da yake tsagewa a kanta, idan na gaske ne an yi asararsa ke nan. Siffa ta fi taimako. Kwaz yakan fito da gefe shida da tsini kamar fensir, ɗanyen daimon kuwa yawanci fuska takwas gare shi, kamar an haɗa gindin dala biyu. Nauyi ma yana magana, domin daimon ya ninka ruwa mai girmansa sau 3.5, kwaz kuwa sau 2.65. Farin tofaz ne ke ruɗar har waɗanda suka san wannan gwaji, saboda nauyinsa ya yi kusa da na daimon.

Wannan yanki ya riga ya ga mafi munin sakamakon rashin sanin abin da ke cikin dutse. A 2010 aka gano cewa duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, cike suke da gubar dalma. Yara fiye da 400 suka rasu.

Wuta, mai da gilashi

Tunda tabo na rage kuɗi, an daɗe da ƙirƙiro hanyoyin ɓoye shi. Ana huda daimon da hasken leza a kai ga baƙin ɗigo a wanke shi da sinadari. Ana cika tsaga da wani irin gilashi har ta ɓace wa ido. Zumurrudu kuwa tun da can ana jiƙa shi da mai domin tsagoginsa su lafa. Kasuwa ta yarda da wasu daga cikin waɗannan, da sharaɗin a faɗa wa mai saye.

Labarin da ya fi dacewa matasanmu su sani daga Sri Lanka ya fito. Mahaƙan ƙasar sun daɗe suna watsar da wata safaya mai fari-fari kamar an zuba mata madara, wadda suke kira geuda, domin ba ta da kasuwa. A shekarun 1970 dillalai daga Tailan suka riƙa saye ta da araha, buhu-buhu. Sun riga sun gano cewa idan aka gasa ta a zafin da ya haura digiri 1,600, alluran da suka dusashe ta za su narke, sinadarin da ke cikinsu ya haɗu da ƙarfen da ke jikin dutsen, sai ta koma shuɗiya garau. Abin da ya hana dutsen daraja a hannun mahaƙi shi ne ya zama tushen launinsa a hannun wanda ya san sirrin. Kafin 'yan ƙasar su farga, an kwashi dukiya mai yawa. Garin Chanthaburi na Tailan har yau shi ne cibiyar wannan gashi, kuma safayar Afirka, har da ta Mambilla wadda ta ja hankalin duniya wajen 2014, ta Bangkok da Sri Lanka take bi kafin ta isa shagunan Turai.

Jabu ma tabo ne ke tona masa asiri. Tun 1902 Bafaranshe Auguste Verneuil ya bayyana hanyar ƙera yakutu a masana'anta, kuma irin wannan yakutu yana da arha ƙwarai. Mazambata sukan farfasa shi, su goga masa ƙasa, su kai shi filin haƙa su sayar wa sabon shiga a matsayin ɗanyen dutse. A madubi, layukan girmansa a lanƙwashe suke, na halitta kuwa miƙaƙƙu ne masu kusurwa. Kumfar iska mai zagaye ita kaɗai a tsakiyar dutse alama ce ta gilashi ko ƙirar masana'anta. Dutsen da ya yi kyau fiye da kima, babu ko ɗigo, kuma aka sallama shi da araha, shi ne ya fi cancantar a yi masa kallon tsanaki. Daimon kansa yanzu ana ƙera shi a masana'anta, sinadarinsa ɗaya da na haƙa, farashinsa kuma ya faɗi warwas a 'yan shekarun nan, bambance su sai da na'ura.

Wa ke cin ribar?

Tsarin da mai ɗauko ɗanyen dutse ke tashi da ɗan abin da ya samu, mai gyarawa ya kwashe kaso mafi tsoka, ya girmi Najeriya. A ƙarni na 19, fataken Hausawa ne ke ɗauko wani jan dutse daga yankin Kirtachi a bakin Kogin Kwara, cikin Nijar ta yau, su gangara da shi Ilori. A can ne masu sana'a ke huda shi su goge ya zama tsakiyar lantana, wadda sarakunan Yarabawa ke ado da ita. Bambancin kawai shi ne a wancan zamani ladan gyaran a Ilori yake tsayawa, yau kuwa yana tsayawa ne a Bangkok da Jaipur da Idar-Oberstein ta Jamus.

A nan ne maganar ta zama ta siyasa. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya damƙa duk ma'adinan ƙasa ga Gwamnatin Tarayya, haƙar ma'adinai kuma tana cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Dokar Ma'adinai ta 2007 ce ta tsara lasisin ƙananan mahaƙa, da izinin saye da mallakar ma'adini, da na fitar da shi waje. Gwamnan jiha ba ya ba da lasisin haƙa. Duk mai tambaya a kan wannan fanni daga Tambuwal ko Kebbe, waɗanda mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai, wakilinsa da sanatan Sakkwato ta Kudu ne ya kamata su amsa masa.

Abin da Abuja ta fi mayar da hankali a kai shi ne tsaro. An haramta haƙa a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ba a ɗage ba sai Disamba 2024. A watan Maris na 2024 ministan ma'adinai Dele Alake ya ƙaddamar da rundunar musamman daga jami'an Sibil Difens domin farautar masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba. Babu mai musun cewa 'yan bindiga sun shiga harkar ma'adinai a Arewa maso Yamma. Amma jami'in tsaro yana iya kama buhun duwatsu, ba zai iya faɗin ko na naira dubu ɗari ne ko na miliyan ɗari ba. Harajin da gwamnati ke karɓa a kan ma'adini ya dogara ne da ƙimar da aka ɗora masa, kashi 13 cikin 100 da tsarin mulki ya ware wa jihar da aka haƙo arziki a cikinta kuma daga wannan haraji yake fitowa. Dutsen da aka rubuta a matsayin tsakuwa, harajin tsakuwa zai biya. Rahotannin hukumar NEITI na shekaru da dama sun nuna cewa gudummawar fannin ma'adinai ga tattalin arzikin ƙasa ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma mafi yawan abin da ke shigowa daga kamfanonin siminti da masu fasa dutse ne.

Botswana ta bi wata hanya. An gano daimon a Orapa a 1967, shekara guda bayan samun 'yancin kai, kuma gwamnati ta mallaki rabin kamfanin Debswana tare da De Beers. Ba ta tsaya a rabon riba ba: ta matsa har aka riƙa tantance duwatsun a gida, a 2013 kuma De Beers ya kwashe cinikin ɗanyen daimon ɗinsa daga Landan ya mayar da shi Gaborone. A yarjejeniyar da aka cimma a 2023, kason da kamfanin gwamnati ke sayarwa da kansa ya tashi daga kashi 25 zuwa 30 cikin 100, da alƙawarin ci gaba da ƙaruwa. Ƙasar tana fama yanzu da faɗuwar kasuwar daimon, dogaro da ma'adini ɗaya kuma yana da nasa haɗarin, amma 'ya'yanta ne ke riƙe da madubin.

Najeriya tana da inda za ta fara. Akwai Cibiyar Nazarin Haƙar Ma'adinai da Ilimin Ƙasa a Jos, akwai ɗakunan gwaji na Hukumar Binciken Ƙasa a Kaduna, akwai sashen ilimin ƙasa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A ra'ayinmu, cibiyoyin sayen ma'adinai da gwamnati ke yi wa rajista bai kamata su zama sikeli da akwatin kuɗi kawai ba. Kowace tana buƙatar mai tantancewa da ba ya cin albashi a hannun mai saye, wanda zai rubuta wa mahaƙi irin dutsensa da nauyinsa da abin da aka gani a cikinsa kafin a fara ciniki. Ƙungiyoyin haɗin gwiwar ƙananan mahaƙa, waɗanda ma'aikatar ke ta kira a kafa, za su iya tura mutum ɗaya ko biyu su koyi aikin, domin matakin farko na sanin dutse horon watanni ne, kayan aikinsa kuma madubin hannu ne da hantsaki da ƙaramin sikeli da tocila, waɗanda duka za su shiga aljihun riga.